Shekara biyu a sashen PHE: tef, usur da ƙashin mutum

A garinmu in ka ce wa mutum PHE kake karantawa, abin da zai fara yi shi ne ya kalli ƙafarka ya ga ko akwai kambas, sannan ya ce "au, ƙwallo kake karanta?" Kawuna ma da aka gaya masa cewa ya yi, yanzu kuma guje-guje da tsalle-tsalle ma sai an biya kuɗin makaranta? To ni dai na yi difloma ta shekara biyu a fannin ilimin motsa jiki da lafiya, wato PHE ɗin, a wata kwaleji a jiharmu, kuma tun da na gama nake cin abinci da ita, shi ya sa nake so in ɗan bayyana abin da ke cikin kwas ɗin, musamman don ƙannenmu da ake tura su can bayan sun nemi wani kwas ɗin ba su samu ba. Don gaskiya mafi yawanmu haka muka shigo, an duba sakamako an ga akwai kiredit a Bayoloji ko Ilimin Lafiya, aka ce ga gurbi a PHE in kana so. Waɗanda suka zo da son ransu ba su da yawa, kuma su ɗin ma yawanci ƴan ƙwallo ne da suka ɗauka za a wuni a fili ana taka leda.

Sati biyu ya isa wannan tunanin ya fita daga kan kowa. Furaktikal da sassafe ake yi, kana idar da sallar asuba ka sa tiraksut ka nufi fili kafin rana ta ɗago, a zagaya fili, a miƙa jiki, a shiga darasin ranar, ko jifan mashi ko dogon tsalle ko ƙwallon raga, kuma malami na tsaye da takarda yana ba da maki a kan yadda ka riƙe mashin da yadda ka ajiye ƙafa, ba ruwansa da nisan da ka jefa. Daga nan in ka samu ruwa a hostel ka watsa, in ba ka samu ba haka za ka shiga aji da zufarka, ƴan sashen Hausa da na Islamiyat suna matsawa gefe suna toshe hanci wai ƴan ƙwallo sun iso. Sai kuma a rubuta maka sunayen ƙasusuwan jikin mutum a allo, guda 206, a ce mako mai zuwa akwai tes. Nan ne ƴan ƙwallon suka fara raina kansu. Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo a jiki, haƙarƙari 12 dama 12 hagu, zuciya ɗakuna huɗu, kowace tsoka da inda ta faro da inda ta kama da irin motsin da take yi, kuma duk da sunayensu na Latin waɗanda ko furta su sai ka ciji harshe. Akwai ƙwarangwal na roba guda ɗaya a ofishin shugaban sashe, hannunsa ɗaya ya ɓalle an ɗaure da waya, shi ake fitowa da shi, mu kuma in za mu yi bita da daddare jikin junanmu muke taɓawa, wannan ya miƙo gwiwa wannan ya nuna.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai, kuma ya fi yi min amfani har yau, awo ne. Kafin in shiga kwalejin ban taɓa tunanin filin tsere lissafi ba ne. Tirak na mita 400 yana da miƙaƙƙun layuka biyu, kowanne mita 84.39, da kwana biyu masu siffar rabin da'ira, daga tsakiyar da'irar zuwa gefen tirak na ciki mita 36.50, faɗin layin kowane mai gudu kuma mita 1.22. To ga inda rigimar take: wanda ke layin waje da'irarsa ta fi faɗi, in aka jera su a layi ɗaya aka hura usur an cuce shi tun kafin ya ɗaga ƙafa. Shi ya sa a tseren mita 400 na layi na biyu ake matsar da shi gaba da mita 7.04, daga layi na uku zuwa sama kuma kowanne ana ƙara masa mita 7.67 a kan na kusa da shi. A mita 200 rabin haka ne tunda kwana ɗaya za a sha. Ka je gasar inta-haus a makarantu da yawa ka tsaya ka gani, wani malamin kawai taku yake ƙirgawa da ƙafarsa ya ce kai tsaya nan, kai tsaya can, yaro ya yi wata guda yana tirenin a zo a kayar da shi da kuskuren malami, iyayensa suna zaune a rumfa suna cewa ai yaron ne ba shi da gudu. Wallahi abin na ɓata min rai duk sanda na gani.

Ranar da aka koya mana fitar da kusurwa ma ba na mantawa da ita. Malaminmu, wani dattijo ne da ya fi shekara talatin yana wannan aikin, ya zo da igiya da ƙusoshi ƴan inci shida da tef, ya kafa ƙusa ɗaya a ƙasa, ya auna mita uku ta nan, mita huɗu ta can, ya ce ku ja har sai tsakanin bakin biyun ya zama mita biyar cif, in ya zama biyar to kusurwarku ta fita daidai, digiri 90. Lissafin nan da muka haddace a sakandare muka zubar a ƙofar ɗakin jarabawa, ashe ga inda yake aiki. Da shi ake fitar da filin ƙwallon raga mita 18 da 9, na ƙwallon hannu 40 da 20, na kwando 28 da 15, na ƙafa kuwa da aka fi amfani da shi a manyan wasanni 105 da 68, bugun fanareti mita 11 daga raga, da'irar tsakiya mita 9.15 daga tsakiyarta zuwa bakinta. In babu farar hoda ta zana layi, toka ta wadatar, a je gidan mai tuwo ko gidan burodi a ɗebo a buhu, a huda gwangwanin madara a riƙa zubawa a kan igiyar. Wasu baƙin mai suke zubawa don ya fi daɗewa, amma yana kashe ciyawa kuma yana ɓata kayan yara, ni ba na so. Dattijon nan kullum cewa yake makarantar da za a tura ku ba za ku tarar da komai ba sai fili da yara, kuma haka ɗin muka tarar.

Haɗa jadawalin gasa ma darasi ne mai zaman kansa. In ƙungiya takwas ce aka ce kowa ya kara da kowa sau ɗaya wasa 28 kenan, in kuma sili ɗaya ƙwale ne wasa bakwai an gama. In shida ne a sili ɗaya ƙwale dole biyu su tsallake zagayen farko ba tare da sun buga ba, kuma da ƙuri'a ake fitar da su a gaban kowa, in ba haka ba rigimar da za ta tashi a unguwa sai mai unguwa ya shigo ciki. Duk wanda ya taɓa shirya kofin unguwa da hutun sallah ya san me nake nufi.

Sai taimakon gaggawa, wanda ni a ganina ko shi kaɗai aka koya wa mutum kuɗin makarantarsa bai tafi a banza ba. Mu da muka taso, in yaro ya yi targaɗe a fili abin da ake yi shi ne wani ƙato ya kama ƙafar ya ja ya murza da man zafi yaro na ihu ana cewa yi shiru kai ba namiji ba ne. A aji aka nuna mana me ke faruwa a ciki: jijiyar da ta riƙe gaɓar ce ta ɗan yage, jini na taruwa a wurin, murzawar da zafin ƙara kumburin suke yi. Abin da ake so a zaunar da shi ya daina takawa, a sa ƙanƙara a cikin tsumma a ɗora kamar minti 15 zuwa 20, a naɗe da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar sama. Ƙanƙara kuwa ba wuya, fiya wata mai ƙanƙara na mai shagon bakin get ya isa. In kuma ka ga ƙafar ta canja siffa ko ya kasa taka ta sam, ba kai ba ita, a tallafe ta da katako ko kwali yadda ba za ta motsa ba a nufi asibiti a ɗauki hoto. Ni ba na zagin masu ɗori, akwai waɗanda suka gada kuma suka iya, amma ɗan mutane ne a hannunka, hoton nan shi zai fitar da kai gobe in uban ya zo.

Akwai kuma abubuwan da suka shafi yankinmu kai tsaye. Watan Maris da Afrilu zuwa Mayu zafi na haura digiri 40 a garuruwanmu, amma za ka ga jadawalin makaranta ya sa darasin motsa jiki ƙarfe sha biyun rana, don an ɗauke shi darasin cike gurbi. Yaro bai karya ba, ko kuma azumi yake, a ce ya zagaya fili sau uku, ya yanke jiki ya faɗi a ce aljanu. An koya mana a kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a jiƙa masa jiki ana fifita, in ya farfaɗo yana iya haɗiya a ba shi ruwa kaɗan kaɗan, in bai dawo daidai ba asibiti. An koya mana kafin ka fara da sabon aji ka tambaya wa ke da sikila, wa ke da asma, wa ke da farfaɗiya, kuma ka tambaya a keɓe don yaro ba zai ɗaga hannu a gaban abokansa ba. Mai farfaɗiya in ta tashi ba a danne shi, ba a cusa masa cokali a baki, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a tare kansa da wani abu mai laushi, in ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Sau nawa na ga manya masu digiri suna neman cokali. Har auna bugun zuciya muka iya ba tare da na'ura ba, yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu, babba in yana hutawa tsakanin 60 da 100 ake sa ran gani a minti ɗaya.

Iyo kam sai dai dariya. Yana cikin manhaja, akwai maki a kansa, amma kwalejin ba ta da wurin ninƙaya, don haka a kan benci muka koya, ka kwanta rub da ciki kana kaɗa hannu da ƙafa a iska malami na gyara maka gwiwar hannu, kamar kaza a hannun mai yanka. Daga baya aka yi karo-karo aka ɗauki mota aka kai mu wani otal mai kwamin iyo na wuni ɗaya. Ƴan bakin kogi da ke cikinmu suka faɗa ruwa abinsu, amma salon da suka iya na rafi ne kai a sama, malam ya ce wannan ba ya cikin littafi, mu ƴan tudu kuma muka maƙale a gefe muna riƙe da ƙarfe. Kowa dai ya ci kwas ɗin.

Matan ajinmu ba su da yawa, kuma sun sha magana fiye da mu, daga gida da kuma cikin makarantar. Da dogon wando mai faɗi da riga har gwiwa da ƙaramin hijabi suke fitowa furaktikal, babu abin da ya hana su, wata a cikinsu ma duk ajin babu mai kai ta iya buga sabis a ƙwallon raga. Dama tun 2014 hukumar dokokin ƙwallon ƙafa ta duniya ta amince mata su buga da kai a rufe, ta ƙwallon kwando ma ta bi sahu a 2017. Abin da mutane ba sa lura da shi, makarantun ƴan mata na kwana cike suke da ɗalibai, kuma iyaye da yawa ba za su yarda namiji ya tsaya a kan ƴarsu tana tsalle ba, ni ma ban ga laifinsu ba. To in ba a samu malamai mata a wannan fannin ba, shikenan yarinya ta shekara shida daga aji sai hostel. Shi ya sa ƴan ajinmu mata suka riga mu samun aiki, har yanzu kuma in mai makaranta ya kira ni yana neman malamin wasanni, tambayar farko ita ce ko akwai mace.

Ɓangaren da muka fi rainawa muna ɗalibai shi ne na shaƙatawa da amfani da lokacin hutu, muna ganin kwas ne na samun maki a ɓagas. Yanzu da nake waje shi na fi tunawa. Abin da ake nufi, ba kowa ne ɗan wasa ba, amma kowa na da jiki kuma kowa na da lokacin da ba ya aikin komai, to wa zai tsara wa mutanen gari abin yi a wannan lokacin, kuma a ina? Aka sa mu zagaya unguwanni mu rubuto filayen da yara ke wasa. Abin da muka tarar kowa ya sani, filin da muka yi ƙwallo muna yara ya zama shaguna, na makarantar firamare an yanka an yi ajujuwa ko an kewaye an sa kwaɗo, yara sun koma buga ƙwallo a kan kwalta suna kaucewa ƴan adaidaita, matasa kuma sun koma bakin titi da waya. Sannan a zo ana taro a kan shaye-shaye. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, babba kuma aƙalla minti 150 a mako, to a ina za a yi? Dattijon da likita ya ce masa hawan jini ko ciwon suga ya kama shi ya riƙa tattaki, in ya fito da asuba da kambas sai a fara cewa Alhaji lafiya, ko mota ce ta lalace? Hajiya kuwa ko fitowar ma ba ta taso ba.

A wannan kwas ɗin ne kuma aka dawo mana da wasanninmu na gida cikin aji, langa da dara da kokawa da dambe, da gaɗa da carafke na ƴan mata. Langa in ka dube ta da idon wanda ya karanci tsoka, tsayuwa ce a ƙafa ɗaya kana riƙe da ɗayar ta baya kana tsalle kana ture abokin karawa, ƙarfin cinya da daidaiton jiki da numfashi duk a wasa ɗaya, kuma ko sisi ba a kashewa. Na fi samun haɗin kan yara da ita fiye da duk wani atisayen da ke cikin littafi. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane wannan, kokawar takobi da suke yi tun 1975 jiha-jiha, ƙasar gaba ɗaya ke tsayawa a saurara. Mu ma muna da bikin kamun kifi na Argungu, muna da Yankari da ruwan ɗumin Wikki, duk suna cikin abin da ake karantawa a ƙarƙashin shaƙatawa, don wani ne zai tsara yadda mutane za su je su dawo lafiya.

To maganar aiki, wadda na san ita kowa ke jira. Kar in ɓoye maka, difloma ita kaɗai ba ta kai mutum nesa a aikin gwamnati. NCE ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a Najeriya, kuma shekara uku ce, don haka in niyyarka aji ce kuma kana da halin ƙara shekara ɗaya, NCE ɗin ta fi maka. Diflomar ta fi dacewa da wanda ke son tsani zuwa jami'a, ko wanda ya riga yana aiki, soja ko ɗan sanda ko ma'aikacin hukumar wasanni, yana neman takardar da za ta ɗaga shi. Kuma kafin ka biya ko kwabo ka je jami'ar da kake hari, ABU Zariya ce ko BUK ko wata, ka tambayi sashen da bakinka ko suna karɓar wannan diflomar a shiga aji biyu kai tsaye ta JAMB, kuma da wane sakamako, don ba kowace difloma kowace jami'a ke karɓa ba, kar ka dogara da abin da mai sayar da fom ya gaya maka. Mai son koci zalla kuma akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, sannan akwai lasisin koci na CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, mataki-mataki ga ƴan ƙwallon ƙafa.

Ni dai da safe ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashin ba abin faɗa ba ne, da yamma ina da yaran da nake horarwa, lokacin inta-haus kuma makarantu na ɗaukata in zana musu fili in tsara musu gasa, wannan watannin su ne kakata. Cikin ƴan ajinmu akwai wanda ke aiki a gidan motsa jiki a Abuja, akwai alƙalin wasa, akwai waɗanda suka shiga kaki ta hanyar wasanni, akwai kuma wanda ya koma kasuwa abinsa yana sayar da atamfa. Kwanan nan wasu dattawa a unguwarmu, yawancinsu ƴan fansho masu fama da suga, suka ce in riƙa fita da su tattaki bayan asuba ranar Asabar da Lahadi, ina auna musu bugun zuciya kafin a tashi da bayan an dawo. Hedimastan firamaren unguwar ya yarda ya riƙa buɗe mana get. Matan dattawan ma sun aiko a tambaya, na ce a ba ni lokaci in nemo ɗaya daga cikin ƴan ajinmu mata, don ni ba zan iya wannan ba, kuma sai an samu gida mai babban tsakar gida tukuna.